Bawul na Biyar

Ranar da muka kwashe ɗakin Baba a Tudun Wada
kowa ya ɗauki abin da zai shiga mota.
Yaya Sa'a ta naɗe darduma, Barau ya ja keken ɗinki,
ni aka bar wa akwatin katako
da ya shekara talatin bai ce uffan ba.

Da wuƙar yanka albasa na kwance bayansa.
Zanzaro ya yi gini a kan taransifoma, har ɗaki uku.
Ɓera ya cinye rigar wayoyi ya bar su tsirara.
Ga rasit a ninke, tawada ta koɗe:
fam goma sha ɗaya, biya sau huɗu,
gumin masaƙar Kakuri kafin injuna su yi shiru.

Bawul huɗu na tsaye kamar kwalaben turare.
Gurbi na biyar wayam,
irin giɓin da Baba ke dariya da shi.

Na tafi Panteka da lamba a bayan takardar magani.
Ilu mai gwangwan ya juya ta, ya sake juyawa,
ya ce, "Hajiya, ai wannan kakan rediyo ne.
A kilo muke sayensu, mu fasa, mu zare jan ƙarfe."
Na ce, "Gilasan fa?"
Ya nuna ƙasa da haɓa.
Ashe tun ɗazu a kansu nake tsaye,
suna ƙyalli a rana kamar gishiri.

A Kasuwar Barci wani ya rantse har da dafa ƙirji
ya sayar min da ƙwan fitilar babur.
Dubu biyu. Na yafe, amma ban manta ba.

Kwandensa tsofaffi sun yi hawayen kaki,
na sauya su da sababbi, ƙanana kamar gyaɗa.
Na koyi narka dalma da dare, bayan yara sun kwanta,
ga shaida nan a babban yatsana.

Wata shida. Sai mai gyaran fanka ya ce,
"Je ki bayan layin dogo, ki tambayi Baba Ishaya."

Yana ta rufe masa ido, amma yatsunsa na gani.
Ya shafa gurbin, ya ƙirga ramukan, ya yi tsaki,
ya shiga ɗaki ya daɗe.
Ya fito da abu cikin tsohuwar safa.
"Daga na Saratu na cire.
Tun da ta tafi ban murɗa shi ba."
Na buɗe jaka, ya ture hannuna.
"Kuɗinsa ɗaya: a nan za a fara kunnawa."

Haka na rungumo akwatin a Keke, muka haye gada,
ina roƙon direba ya bi ramuka a hankali
kamar mai kai mara lafiya asibiti.

Babu wuta.
Muka zauna daga azahar har inuwar mangwaro ta kai bango.
Da yaran layi suka yi ihu, na murɗa.

Shiru.

Gabana ya faɗi. Ya ce, "Ke, jira.
Ba wayar hannu ba ce.
Sai ya ji ɗumi yake magana, kamar mu."

Can sai ja-ja a cikin gilashi,
garwashi a ƙarƙashin toka,
ɗaya, biyu, har na Saratu.
Wani gurnani ya taso daga ƙirjin katako,
koren ido ya buɗe a hankali,
allura ta ratsa sunayen biranen da Baba bai taɓa zuwa ba
ta tsaya.

Wani mutum na karanta farashin takin zamani.

Ban san me na zata zan ji ba.
Sai dai katakon ya ɗau zafi, ya saki wani ƙamshi,
ga ni 'yar shekara bakwai a bakin ƙofa da asuba,
riƙe da kofin shayi da hannu biyu kada ya zube.

Baba Ishaya ya matso da kujera.
"Ƙara masa murya," ya ce,
"kunnen hagun nan ya riga ni tafiya."